Filin Tambayi Mai Magani: In yi oda ta intanet ko in je kemis?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan sayen magani ta waya ne, to shi za mu tasa a gaba. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ina neman shawara. Babanmu yana da hawan jini da suga, ya daɗe yana kan amlodipine da metformin kuma ni ce nake siyo masa duk wata, gaskiya kuɗin ya fara yi min nauyi. Shine na ga wani shafi a intanet suna saida irin maganin sak, kwali iri ɗaya, kuɗin bai kai rabin na kemis ba kuma har gida za su kawo, sun ce ma ba sai an tura takardar likita ba. Yayana ya ce kar in kuskura, ni kuma ina ganin ai magani magani ne. Meye shawararki? Daga wata 'yar uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya, ya ba Baba lafiya. Nauyin da kike ji ba ƙarya ba ne, maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa yana cin aljihu, duk wanda ke jinyar iyaye ya san haka. Amma a wannan maganar ina bayan yayanki.

Ba wai intanet ɗin ne matsalar ba fa. Akwai kantunan magani na gaskiya masu lasisi da suke da shafi, ki yi oda su kawo miki har ƙofa, kuma ga tsoho ko wanda yake nesa da gari wannan rahama ce babba. Abin da ya tsaya min a rai cikin saƙonki shi ne inda suka ce ba sai an tura takardar likita ba. Waɗannan magungunan biyu a yawancin ƙasashe doka ba ta yarda a sayar da su ba sai da takarda, to wanda tun daga bakin ƙofa ya gaya miki da bakinsa cewa shi ba ruwansa da doka, da wane dalili za ki yarda cewa ya bi doka wajen inda ya saro maganin, da yadda ya ajiye shi, da ko ya yi esfaya an goge kwanan watan an buga sabo? Ke kina ganin sauƙi ya yi miki, alhali ya cire mutum ɗaya tilo da zai tambaye ki wa zai sha, shekarunsa nawa, me da me yake sha, ya lafiyar ƙodarsa, domin metformin kanta sai an duba ƙoda ake sanin adadin da ya dace.

Maganar kwali iri ɗaya kuma, kwali shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo a duk harkar. Hoton da kika gani ma ba lallai na kayan da ke hannunsu ba ne, ana iya ɗauko shi daga shafin kamfanin asali. Cinikin biri a sama kenan. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙiyasin cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki kusan magani 1 cikin kowane 10 ko dai jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. A Amurka ƙungiyar hukumomin da ke ba kantunan magani lasisi, NABP, ta bi dubban shafukan da ke sayar da magani ta ce kusan kashi 95 cikin 100 ba sa bin doka. 'Yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, tun 2008 suke kai wani samame da suke kira Pangea musamman don masu sayar da magani ba bisa ƙa'ida ba a intanet, a na 2021 kaɗai sun sa an rufe shafuka da tallace-tallace sama da 113,000, kuma ana rufewa wasu na buɗewa da sabon suna.

Abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin Baba shi ne irin ciwon nasa. In mutum ya sha jabun maganin ciwon kai, zai ga kan bai daina ba, ya gane da wuri. Hawan jini ba haka yake ba, ba ya kuka, mutum zai iya wata uku yana haɗiyar ƙwayar da babu komai a ciki sai hoda, yana cin abincinsa yana hirarsa yana cewa Alhamdulillah da sauƙi, ke ma hankalinki kwance tunda kina gani da idonki yana shan magani kowace safiya, jinin kuwa yana can yana hawa yana cin jijiyoyi da ƙoda da ido a hankali, ranar da za a sani ita ce ranar da aka wayi gari baki ya karkace ko ɓarin jiki ya shanye, Allah ya kiyaye. Kuma ko a lokacin ba wanda zai zargi maganin, cewa za a yi ciwon ne ya yi ƙarfi. Wani jabun ma ba fanko ba ne, akwai sinadarin a ciki amma rabi, ko wannan ƙwaya ta yi yawa waccan ta yi kaɗan, sai awon jinin ya dinga hawa da sauka, likita ya ƙara masa wani maganin a kan wanda bai san ba ya aiki ba.

In har kina son yin oda ta intanet, ki nemi shafin da yake da adireshin gini na gaske da lambar lasisi, sannan kar ki tsaya ga abin da suka rubuta, ki shiga shafin hukumar da ke yi wa kantunan magani rajista a ƙasarku ki duba sunan da kanki. Ki kira lambarsu ki ce a haɗa ki da famasis, wato mai ilimin harhaɗa magani, ki ji ko akwai shi. Kuma dole su nemi takarda. A ƙasashen Tarayyar Turai tun Yulin 2015 akwai tambari guda da kowane halastaccen shafi yake sawa, in ka danna shi ya kai ka rajistar gwamnati, a Amurka kuma akwai shafukan da sunansu ke ƙarewa da .pharmacy waɗanda aka tantance. Wanda duk shagonsa lambar WhatsApp ce da asusun banki mai sunan mutum, ki bar shi.

Batun kuɗi kuwa akwai hanya. Ki tambayi famasis ko akwai irin maganin na wani kamfanin mai rajista wanda ya fi araha, sinadari ɗaya ƙarfi ɗaya, amlodipine da metformin duk tsofaffin magunguna ne kamfanoni da yawa suna yin su. Ki faɗa wa likitan Baba gaskiya cewa kuɗin ya yi yawa, ba abin kunya ba ne, sau da yawa yana da abin da zai canza. Ranar da za ki je ki kwashi duk ledar magungunan Baba ki tafi da ita har da wanda yake sha na ciwon gwiwa, don irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda, kuma a irin wannan zazzage leda a kan kanta ne ake kama su.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni magidanci ne shekarata 52, ina da 'yar matsala ta ɓangaren iyali kin dai gane, kuma wallahi bazan iya tsayawa gaban kanta mutane na jira a bayana in faɗi abinda nake so ba. Na ga ana tallan maganin a Facebook za a kawo a rufe ba wanda zai sani. Ina shan maganin zuciya amma ba kullum ba sai ƙirji ya riƙe. Zan iya oda? Daga wani bawan Allah.

Amsa: Malam na gode da ka yarda ka faɗa, kuma na fahimci kunyar, ba kai kaɗai ba ne. Amma dan Allah kar ka yi odar nan, kuma kar ka sha irin wannan maganin daga ko'ina, ko daga kemis ne, sai likitanka ya gan ka. Jimlar ƙarshe ta saƙonka ita ce ta tayar min da hankali. Maganin da ake sha in ƙirji ya riƙe, musamman wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ko a fesa, yawanci dangin nitroglycerin ne ko isosorbide, kuma in suka haɗu da sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra da ire-irenta, jini yana iya faɗuwa ƙasa warwas lokaci guda, mutum ya suma ko ya rasa ransa. Mai talla a Facebook ba zai taɓa tambayarka wannan ba.

Masu jabu sun san kunya ce ke koro mutane wurinsu, shi ya sa maganin ƙarfin maza yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. A Singafo a 2008 mutum kusan 150 aka kwantar a asibiti sugansu ya yi mummunar faɗuwa bayan sun sha irin waɗannan magunguna na bayan fage, da aka bincika sai aka ga an cakuɗa da glibenclamide, maganin masu ciwon suga, mutum 4 suka rasu wasu suka daɗe ba su farfaɗo ba. Har waɗanda ake rubuta wa "na gargajiya zalla" an sha gwadawa a tarar da sildenafil a ɓoye a ciki, ba a rubuta ba balle ka san yawansa.

Sannan Malam, wannan matsalar a shekarunka sau da yawa saƙo ce daga jiki, tana iya zama alamar suga ko toshewar jijiyoyin jini, ga shi kuma dama kana da ciwon ƙirji. Likita a ɗaki yake ganinka daga kai sai shi. A kemis ma kana iya cewa kana son magana da famasis a gefe, ko ka miƙa takarda kawai ba sai ka buɗe baki ba, mu wannan aikinmu ne na yau da kullum kuma amana ce a wuyanmu.

Tambaya: Na yi odar insulin daga wani kanti mai rajista, ɗan aike ya kawo min bayan kwana biyu a cikin ambulan kawai ba ƙanƙara, kwalbar har da ɗumi. In yi amfani da ita?

Amsa: A'a ɗan uwa, ka kira su su canza maka. Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye ta ne a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta daskare ba a bari ta sha zafi. Gaskiya ne yawancinsu suna jure zafin ɗaki na kusan kwana 28, amma kai ba ka san irin zafin da ta sha cikin mota ko bayan babur ba. In ka ga gudaji-gudaji ko launi ya canza to ta lalace, sai dai rashin ganin hakan ba shaida ba ne, tana iya rage ƙarfi ido bai gani ba. Kanti yana iya zama mai rajista amma dilibarinsa bai iya ɗaukar kayan sanyi ba, saboda haka insulin da duk abin da ke zama a firij ka tambaya tun kafin ka biya yadda za su kawo shi.

Tambaya: Hajiya ki yi haƙuri amma ni ina ganin kuna kare kasuwarku ne kawai. Kemis nawa ne ke saida jabu? Wani ma yaron shago ne da bai gama sakandare ba yake ba mutane magani. Meye bambancinsu da na intanet?

Amsa: Ba komai Malam, tambayar tana kan hanya kuma rabin maganarka gaskiya ce. Gini da kanta da farar riga ba su ne inganci ba. Akwai shagunan da ba su da lasisi, akwai masu lasisin da famasis ɗin sunansa ne kawai a bango ba ya zama, akwai masu miƙa wa mutum kafso biyu na antibayotik don mura, wanda wannan ɗabi'ar tana cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, kuma wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka bijire wa magani. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai, kuma duk ma'aunin da na ba 'yar uwarmu ta farko, lasisi da famasis da neman takarda, shi za ka ɗora wa shagon da ke kusa da kai, in ya faɗi ka canza shago.

Mugun magani yana shiga ta halastacciyar hanya ma. A Gambiya a 2022 yara kusan 70 suka rasu da ciwon ƙoda, aka danganta abin da wasu magungunan tari na ruwa da aka samu gubar diethylene glycol a ciki, kuma ba a intanet iyayen suka saya ba. A Amurka a 2012 jabun maganin ciwon daji mai suna Avastin, wanda babu sinadarin ko ɗigo a ciki, ya kai har ɗakunan likitoci.

To amma duba abin da ya biyo baya a irin waɗannan lokutan. An san sunan maganin, an san lambar rukunin da ke jikin kwalin, an bi sawu daga shago zuwa dila zuwa wanda ya shigo da shi zuwa masana'anta, aka fitar da sanarwa aka kwashe sauran daga kasuwa. Bambancin kenan. Shago mai lasisi yana da abin da zai rasa, kana da rasit, ka san ƙofarsa, hukuma na iya zuwa ta rufe shi, gobe in ka koma da ƙorafi za ka same shi. Shafin da ba a san mai shi ba, in maganinsa ya yi ɓarna sai ya goge kansa cikin dare, babu wanda zai kira sauran mutanen da suka saya ya ce su daina sha, domin ba wanda ya san su waye.

Tambaya: Anti ni budurwa ce, bikina ya kusa kuma ina so in rage ƙiba. Wata a Instagram tana saida allurar nan Ozempic tace original ce daga waje, har da bidiyon waɗanda suka rame. Ƙawata ta fara. Ya kike gani?

Amsa: Ƙanwata Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ki ajiye wannan maganar, ki kuma ja kunnen ƙawarki yau ɗin nan. Ozempic maganin ciwon suga ne, sinadarinsa semaglutide, allura ce ta sati-sati da ake farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali ƙarƙashin kulawar likita, akwai kuma mutanen da sam bai dace su yi ta ba, kamar mai shirin ɗaukar ciki nan kusa, wanda ke kuma aure za ki yi. Lokacin da aka fara rububinta ta yi ƙaranci, masu jabu suka samu ƙofa. A Oktoban 2023 a Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi allurar jabu, sugansu ya faɗi wasu har da jijjiga, hukumomi suka ce alamu sun nuna insulin aka zuba a ciki. A Yunin 2024 WHO ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Mutumin da ba shi da suga ya ɗura wa kansa insulin da yawa, zufa da karkarwa da ruɗewa ne za su fara, in ba a kai ɗauki ba sai suma. Ga shi kuma allura ce mai son firij, ko ta gasken ce ba ki san a ina ta kwana ba kafin ta zo hannun mai tallar.

Haka shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake cewa ganye ne zalla, an sha samun sibutramine a cikinsu, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Bidiyon waɗanda suka rame kuma kowa na iya haɗawa. In ƙibar tana damunki da gaske ki ga likita a auna ki, in kin cancanci maganin shi zai rubuta miki.

Tambaya: Ni na riga na siya. Maganin barci ne da na ciwon baya, na sha sau biyu, amma ƙwayar ta fi wadda na saba haske kuma tana marmashewa a hannu, jiya na yi barcin da sai da aka tashe ni da ƙyar. Me zan yi?

Amsa: Ka daina sha daga yanzu, kuma ka je asibiti yau da sauran maganin a hannunka, kar ka jira gobe. Barcin da sai an tashe ka da ƙyar ba ƙaramar alama ba ce. Jabun magungunan barci da na kashe zafin ciwo su ne suka fi saurin kisa, don a wasu ƙasashen ana cusa musu fentanyl, wani maganin kashe zafin ciwo mai tsananin ƙarfi, wanda miligiram 2 kacal na iya kashe mutum, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce a 2023 cikin kowace ƙwaya 10 ta jabu mai fentanyl da ta gwada, 7 suna ɗauke da adadin da zai iya kisa. Ko ma na gasken ne, haɗa maganin barci da mai ƙarfi na ciwo yana danne numfashi. In ka daɗe kana shan maganin barci kullum ka faɗa wa likitan, domin wasunsu ba a yanke su lokaci guda, shi zai tsara maka yadda za a yi.

Kar ka zubar da komai. Ka ajiye kwalin da takardar cikinsa da ledar da aka kawo shi, ka duba ko lambar rukuni da ranar esfaya da ke jikin kwalin sun yi daidai da na jikin katin ƙwayoyin, ka ɗauki hoton hirarku da mai sayarwa da shaidar biyan kuɗi kafin ya goge. Famasis ko likitan zai taimaka maka ka kai rahoto ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, su ne masu ɗakin gwaji. Ka kuma gaya wa mutanen gida abin da ka sha, daren yau a samu wanda zai dinga leƙa ka, in aka ga numfashinka yana ja ko leɓe ya canza launi ko an kasa tashinka a nemi taimakon gaggawa nan take.